Naira 125: Yadda Ma'aikatan Nijeriya Suka Ci Yaƙin Albashi, Suka Faɗi a Kasuwar Canji

Ranar Litinin, 11 ga Mayun 1981, ma'aikatan Nijeriya suka ƙi fita aiki. Jiragen ƙasa suka tsaya, ofisoshin gwamnati suka zama kufai, masana'antu suka yi tsit. Kwana biyu kacal yajin aikin ya ɗauka kafin gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta sauko teburin sulhu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta nemi a mayar da mafi ƙarancin albashi naira 300 a wata. Abin da aka daddale a kai shi ne naira 125, kuma a karo na farko aka rubuta adadin a cikin dokar ƙasa. A farashin gwamnati na lokacin, kuɗin nan sun haura dala 200.

Shekara goma bayan haka aka ninka adadin ya koma naira 250. A lokacin, bai wuce kimanin dala 25 ba.

Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu akwai shekarun da aka fi sani da zamanin tsuke bakin aljihu, kuma a cikinsu ma'aikata ba su yi kwance ba. Sun yi yaji, sun yi zanga-zanga, an tsare shugabanninsu, an rushe ƙungiyarsu, har an yanke wa wasu hukuncin ɗaurin rai da rai. Sun kuma yi nasara fiye da sau ɗaya. Abin da ke buƙatar bayani shi ne yadda aka yi mutane suka riƙa cin nasara a teburin sulhu alhali tukunyarsu na ƙara komawa wayam.

Ita kanta NLC gwamnatin soja ce ta haife ta a siffar da aka san ta. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta rushe manyan ƙungiyoyin ƙwadago huɗu da ke gaba da juna, ta haramta wa wasu tsofaffin jagorori harkar ƙwadago, ciki har da Michael Imoudu, gwarzon yajin aikin 1945 wanda ya tilasta wa Turawan mulkin mallaka ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Sannan ta dunƙule ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi suka koma 42, aka ɗora musu uwa ɗaya a Fabrairun 1978. Manufar ita ce a samu ƙungiya mai sauƙin sarrafawa. Amma dokar ta zo da wani tanadi: a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashin ma'aikaci. Da wannan ƙungiyoyin suka samu kuɗin shiga da ba su taɓa gani ba, da ofisoshi, da ma'aikata na dindindin. Sai ga shi abin da aka ƙera domin ya zama linzami ya zama makami.

Dawowar mulkin farar hula a 1979 ta ƙara musu sarari. A Kano, gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ce ta fara mayar da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a shekarar da ta biyo. A Kanon ne kuma aka yi babban taron NLC na 1981, inda Sunmonu ya kayar da David Ojeli na ƙungiyar ma'aikatan gwamnati, wanda ake gani fadar shugaban ƙasa ta fi so. Da wannan ƙarfin gwiwa aka shiga yajin watan Mayu.

Abin da ba a lura da shi sosai ba a lokacin shi ne, an ci wannan nasara ce a daidai lokacin da rijiyar ta fara ƙafewa. Kasuwar man fetur ta duniya ta cika ta batse. Nijeriya da ke haƙo ganga sama da miliyan 2 a rana a farkon 1981, kafin ƙarshen damina ta koma ƙasa da miliyan ɗaya. A watan Yuli Cif Obafemi Awolowo ya rubuta wa Shagari wasiƙa yana gargaɗin cewa tattalin arziki ya doshi halaka. Jami'an gwamnati suka ce maganar ɗan adawa ce. Kuɗin da ƙasar ke samu daga mai, waɗanda suka kai kimanin dala biliyan 25 a 1980, sun koma wajen biliyan 10 a 1983. A Afrilun 1982 gwamnati ta kai wa majalisa dokar gaggawa ta daidaita tattalin arziki, aka taƙaita shigo da kaya, aka ƙara kuɗin fito, aka datse kashe kuɗin gwamnati. Daga nan kalmar tsuke bakin aljihu ta shiga bakin kowa.

A nan ne matsalar farko ta yajin aiki ta bayyana, kuma a masana'antu aka fi ganin ta. Masaƙun Kakuri a Kaduna, da kamfanonin Bompai da Sharaɗa a Kano, da masu harhaɗa motoci irin su Peugeot a Kaduna da Steyr a Bauchi, duk an gina su ne bisa dogaro da kayan waje: injuna, da kayan gyara, da sinadarai, kai har da auduga a wasu shekarun, a ƙasar da ta taɓa fitar da ita. Da kuɗin waje suka yi ƙaranci, lasisin shigo da kaya ya zama zinariya, ya kuma faɗa hannun 'yan siyasa da dillalansu. Kamfani sai ya wayi gari ba shi da abin sarrafawa. Sai a tura ma'aikata hutun dole, a rage kwanakin aiki, daga bisani a sallami dubbai.

Ƙarfin yajin aiki yana ga asarar da yake jawo wa mai kamfani. Idan injuna na gudu, kasuwa na jiran kaya, kowace sa'ar da ma'aikaci ya naɗe hannu kuɗi ne ke zubewa. Idan kuwa injunan sun riga sun tsaya saboda babu zare, to ma'aikacin da ya tafi yaji ya sauƙaƙa wa manaja ne: ba zai biya albashin kwanakin ba, ga kuma hujjar kora ta samu. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982, ta fahimci haka da wuri. A Janairun 1984 rikici ya ɓarke a masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe tun 1957, lokacin da hukumar kamfanin ta nemi taɓa albashi. Ma'aikata suka fantsama kan titi, suka yi arangama da 'yan sanda. Amma inda aka ƙare shi ne ciniki a kan yadda kamfanin zai rayu, da irin sadaukarwar da ma'aikata za su yi domin kada a rufe ƙofa gaba ɗaya. Masu bincike biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun shafe shekaru suna nazarin wannan ƙungiya, kuma abin da suka nuna shi ne ta fita daga shekarun da mutuncinta, domin ta iya ciniki kamfani bayan kamfani. Sai dai cinikin na rage asara ne.

Ma'aikatan gwamnati kuwa tasu ta fi muni. Jihohi da dama sun riƙa bin watanni ba su biya malaman makaranta ba. Malamin firamare da ke bin bashin albashin wata biyar, idan ya tafi yaji, ɗan talaka ne ke zaman gida. 'Ya'yan masu yanke hukunci ba a nan suke karatu ba.

Gwamnatin Shagari ta nemi wanda za ta shafa wa kashin kaji, ta same shi a baƙi. A Janairun 1983 aka ba baƙin da ba su da takardu wa'adin makonni su fice. Kimanin mutum miliyan 2 suka bar ƙasar, rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Chadi da Kamaru da wasu maƙwabta. Ayyukan da aka ce za su samu ga 'yan ƙasa ba su samu ba.

Juyin mulkin 31 ga Disambar 1983 ya zo da Manjo Janar Muhammadu Buhari, kuma jama'a da dama, har da ma'aikata, sun yi maraba. Gwamnatinsa ta ƙi amincewa da manyan sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, musamman karya darajar naira da janye tallafin mai. Amma ta ɗora wa ƙasar nata tsukewar, wadda ta fi ta Shagari zafi, domin ta ƙuduri aniyar biyan bashin waje da kuɗin cikin gida. Aka daskarar da albashi, aka sallami ma'aikatan gwamnati dubbai bisa dubbai, aka dawo da kuɗin makaranta da na asibiti a wurare da dama, aka ƙirƙiro harajin raya ƙasa iri-iri. Dokar soja mai lamba 17 ta 1984 ta hana kotu sauraron ƙarar ma'aikacin gwamnatin da aka kora. Mai lamba 2 kuma ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba. Wannan ne zamanin layin kayan masarufi, lokacin da magidanci zai wuni a rana domin gwangwanin madara da sabulu, soja na tsaye da bulala. Da likitoci suka tafi yaji a farkon 1985 kan lalacewar asibitoci, aka haramta ƙungiyoyinsu, aka tsare jagororinsu, ciki har da Dokta Beko Ransome-Kuti. NLC, wadda Ali Ciroma, ma'aikacin lafiya daga Borno, ya karɓi ragamarta a 1984, ta yi ta fitar da sanarwa, amma ba ta iya kiran yajin gama-gari ba. Wanda ke jiran takardar sallama kowace safiya ba ya sauraron kiran yaji.

Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya karɓi mulki ranar 27 ga Agustan 1985, da salo daban. Ya buɗe gidajen yari, ya kuma jefa wa 'yan ƙasa tambaya: a karɓi rancen IMF ko kada a karɓa? Aka shafe watanni ana muhawara a jaridu da rediyo da zaurukan jami'o'i. Ma'aikata, da ɗalibai, da malaman jami'a, da 'yan kasuwa da dama suka ce a'a. A Disamba gwamnati ta sanar cewa ta bi ra'ayin jama'a, ba za ta karɓa ba. Aka yi ta murna.

Wannan ita ce nasara mafi tsada da 'yan ƙwadago suka taɓa samu. An ƙi kuɗin, amma an ɗauki sharuɗɗan. Hujjar gwamnati ita ce, tunda al'umma ta zaɓi dogaro da kai, to sai ta ɗaure ta sha magani mai ɗaci da hannunta. Tun a Oktoban 1985 an ayyana dokar ta-ɓaci kan tattalin arziki, aka zaftare wani kaso na albashin ma'aikata. A 1986 litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa 39.5. A tsakiyar shekarar aka ƙaddamar da shirin sake fasalin tattalin arziki da aka fi sani da SAP, da hannun Bankin Duniya a ciki: a soke lasisin shigo da kaya, a rushe hukumomin sayen amfanin gona, a sayar da kamfanonin gwamnati, a rage tallafi. Sannan a ƙarshen Satumba aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985, a gwanjon farko ta haura naira 4.

Ya kamata a tsaya a nan, domin wannan gwanjon shi ne ƙashin bayan labarin. Duk matakan da suka gabata suna da fuska. Idan aka rage albashi, akwai takardar da wani ya sa wa hannu. Idan aka kori ma'aikata, akwai jerin sunaye da ofishin da ya fitar da shi. Ana iya yi wa wannan ofishi zobe, a ce sai an janye. Karyewar naira ba ta da irin wannan fuska. Takardar albashin masinja tana nan da naira 125, babu wanda ya taɓa ko kwabo. Abin da ya canza shi ne farashin duk wani abu da ke da alaƙa da jirgin ruwa: magani, da littafi, da taki, da tayar keke, da garin alkama, da kayan gyaran motar da ke kawo doya daga Binuwai. A 1987 wannan albashi ya koma kimanin dala 30; a 1989, da dala ta wuce naira 7, bai kai dala 20 ba. A shekarar 1989 kaɗai hauhawar farashi ta kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, gwargwadon alƙaluman da mutum ya duba. An yi wa albashi yankan da babu gwamnatin da za ta iya sanar da shi a rediyo ta kwana lafiya, kuma an yi shi ba tare da sanarwa ba.

Adalci ne a faɗi cewa nairar 1981 ma ba gaskiya take faɗa ba. An riƙe ta da tsada da ƙarfin kuɗin mai, abin da ya sa shinkafar Tailan ta fi ta Haɗeja araha a kasuwar Kano, ya kuma taimaka wajen durƙusar da noman gyaɗa da auduga. Dala 200 ɗin nan na ma'aikacin birni, wani ɓangarensu daga aljihun manomi ya fito. Bayan SAP manoman koko da na auduga sun ga farashi ya tashi, ko da yake tsadar taki da maganin feshi ta cinye kaso mai yawa. Gyara ya zama dole. Wannan ba abin musu ba ne. Abin musun shi ne wa aka ɗora wa kuɗin gyaran. A shekarun da albashi ke narkewa, yawan bankunan ƙasar ya tashi daga kimanin 40 zuwa kusan 120, kuma da yawansu babbar sana'arsu ita ce sayen dala a farashin gwanjo su sayar a kasuwar bayan fage.

NLC ta yi faɗa a inda take iya ganin abokin gaba. A Mayun 1986 'yan sanda suka buɗe wuta kan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a rikicin da ya taso tsakaninsu da shugaban jami'ar, Farfesa Ango Abdullahi. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. NLC ta sa ranar 4 ga Yuni domin tattakin nuna alhini. Gwamnati ta girke jami'an tsaro, ta kama Ciroma da abokan aikinsa, sannan ta fitar da doka ta raba ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, da uwar ƙungiyar. Abin da sojoji suka fi tsoro shi ne haɗuwar mai spana da mai alli da ɗalibi a layi ɗaya.

A ƙarshen shekarar gwamnati ta yi wa dokar mafi ƙarancin albashi kwaskwarima. A da, kamfanin da ke da ma'aikata ƙasa da 50 ne kaɗai dokar ba ta hau kansa ba. Sai aka ɗaga adadin zuwa 500, abin da ke nufin an fitar da mafi yawan kamfanonin ƙasar. NLC ta zagaya jihohi tana gangami, kuma a Afrilun 1987 gwamnati ta janye. Nasara ce ta gaske, an kuma yi ta da jarumta a ƙarƙashin mulkin soja. Amma abin da aka ceto shi ne haƙƙin karɓar naira 125, a shekarar da kuɗin suka riga suka rasa mafi yawan ƙarfinsu.

Daga nan fagen daga ya koma gidan mai. Dalili a fili yake: a cikin dukkan farashin da ke tashi, na fetur ne kaɗai gwamnati ke yankewa da bakinta, a rana ɗaya, a duk faɗin ƙasa. Shi ne wurin da tsukewar da ba ta da fuska ta sake samun fuska. Ga shi kuma ya shafi kowa, daga direban tasi zuwa mai niƙa zuwa matar da ke girki da kananzir. A ƙarshen 1987 gwamnati ta cika kafofin yaɗa labarai da tallace-tallacen cewa tallafin mai 'yan fasa-ƙwauri yake amfana. NLC ta mayar da martani da nata takardun, tana cewa ƙasar da ke haƙo mai ba ta da hujjar auna farashinsa da na ƙasashen da ke saye, alhali albashinta ba irin nasu ba ne. A Disamba aka sake kama shugabanninta.

Abin da kamu bai yi ba, rikicin cikin gida ya yi. Tun zamanin Sunmonu da Ojeli ƙungiyar ta kasu gida biyu, masu ra'ayin gurguzu da masu sassaucin ra'ayi. A babban taron Benin na Fabrairun 1988 ɓarakar ta fito fili: ɓangare ɗaya ya sake zaɓen Ciroma, ɗayan ya tsayar da Takai Shamang. Gwamnati, wadda ake zargi da hura wutar, ta ce tunda sun kasa sasanta kansu, ta rushe shugabancin, ta naɗa kantoma, Michael Ogunkoya. Bayan makonni kaɗan, a watan Afrilu, aka ƙara kuɗin fetur daga kwabo 39.5 zuwa 42.

Kwabo biyu da rabi. Lissafin gwamnati shi ne ƙarin ya yi ƙanƙanta da zai tayar da ƙura, kuma babu uwar ƙungiyar da za ta kira yaji. Lissafin bai fita ba. Ɗaliban Jami'ar Jos ne suka fara fitowa, aka yi asarar rayuka, wutar ta bazu zuwa wasu garuruwa. Ma'aikata a jihohi, ciki har da Kano, suka ajiye aiki ba tare da jiran umarni daga Legas ba. Rassan ƙungiyoyi suka kafa kwamitocinsu. Gwamnatin da ta rushe NLC domin kada ta samu mai ja da ita, sai ta wayi gari tana neman wanda za ta yi sulhu da shi, ta koma tana kiran shugabannin ƙungiyoyin da ta raina. Aka yi alkawarin gaggauta sabon tsarin albashi da alawus. Farashin mai kuwa bai sauko ba.

Sauran watannin 1988 na ramuwar gayya ne. ASUU ta tafi yaji a kan albashi da 'yancin jami'o'i, aka haramta ta, aka tsare shugabanta, Dokta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero. A Oktoba manyan ma'aikatan hukumar lantarki ta NEPA suka yi yajin da ya jefa sassan ƙasar cikin duhu. Kotun soja ta yanke wa goma sha ɗaya daga cikinsu ɗaurin rai da rai. An rage hukuncin daga baya, aka kuma sake su, amma saƙon ya isa inda aka aike shi. Waɗannan su ne ma'aikatan da yajinsu ke ciwo nan take, domin aikinsu ba ya jiran kayan waje kafin a ji rashinsa, kuma a kansu ne hukuma ta sauke hukunci mafi nauyi. A Disamba aka mayar wa ma'aikata ƙungiyarsu, da Pascal Bafyau na ma'aikatan jirgin ƙasa a matsayin shugaban da ɓangarorin biyu da gwamnati za su iya zama da shi.

Saboda haka, lokacin da babbar tarzomar ƙin SAP ta tashi a ƙarshen Mayun 1989, ba NLC ce ta jagorance ta ba. Daga Jami'ar Benin ta faro, ta bi ta Badun da Legas da wasu biranen kudu, inda 'yan kasuwa da marasa aikin yi da 'yan makaranta suka shiga. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka fasa gidan yari a Benin, aka kashe mutane da dama, aka rufe jami'o'i. Shugabannin ƙwadago a lokacin hankalinsu na kan kafa jam'iyyar ma'aikata, wadda Babangida ya ƙi yi wa rajista tare da sauran ƙungiyoyin siyasa a watan Oktoba, ya ƙirƙiro SDP da NRC. Gwamnati ta dage cewa babu wata hanya sai SAP. Da lauya Gani Fawehinmi ya shirya taro a Legas domin tattauna wata hanyar, aka kama shi tare da Tai Solarin da tsoho Imoudu, wanda ya haura shekara 80. Fawehinmi aka kai shi kurkukun Gashuwa. Bayan sanda sai aka miƙo ɗan zaƙi: motocin safa na sufurin jama'a, da alkawarin ɗaukar ma'aikata, da Bankin Al'umma, wanda aka ba Tai Solarin ɗin nan shugabancinsa.

Yawancin ma'aikata ba a titi suka ba da amsarsu ba. Malamin makaranta ya koma gona, akawu ya mayar da motarsa kabu-kabu bayan tashi daga ofis, ƙaramin ma'aikaci ya hau acaɓa, matar gida ta fara ƙulla ƙanƙara da zoɓo. Kasuwar gwanjo ta bunƙasa. Likitoci da malaman jami'a suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka, har gwamnati ta kafa kwamiti kan ƙaurar masana. Aikin gwamnati ya zama wurin sa hannu da safe kafin a tafi neman abinci, kuma cin hancin ƙaramin ma'aikaci, wanda a da abin kunya ne, ya samu uzurin da har yau ake kafawa. Wannan ma yaji ne, irin wanda ba a sanarwa kuma ba a janyewa, sai dai wanda ya sha wuyarsa shi ne mai zuwa asibitin gwamnati da mai ɗa a makarantar gwamnati.

A ƙetaren iyaka labarin ya ɗauki wata hanya. Nijar ma ta shiga irin wannan ƙunci bayan faɗuwar farashin yuraniyom, ta kuma karɓi shirin Bankin Duniya da IMF. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗaliban Jami'ar Yamai suka yi tattaki kan matakan tsuke bakin aljihu a harkar ilimi. Jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, hukuma ta amsa mutuwar uku. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN, wadda ta daɗe a inuwar gwamnati, ta ɓalle. Ta jera yaje-yajen gama-gari a cikin shekarar, kuma ba ta tsaya ga albashi ba: ta haɗa da buƙatar a kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. A Nuwamba Janar Ali Saibu ya amince da jam'iyyu da yawa, a 1991 aka zauna babban taron ƙasa wanda ya ƙwace ikonsa. Ma'aikatan Nijar sun samu abin da takwarorinsu na Nijeriya ba su samu ba, wato sauya masu mulki. Amma gwamnatocin da suka biyo baya sun gaji baitulmali wayam, bashin albashi ya yi ta taruwa wata bayan wata, kuma a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, a wani taro da aka yi a Dakar.

A Nijeriya, abin da shekarun 1980 suka bari shi ne tsarin da aka yi ta maimaitawa. Gwamnati ta ƙara kuɗin mai, ƙwadago ta kira yaji, a rufe ƙasa kwanaki, a rage wani abu daga ƙarin, kowa ya ce ya yi nasara. Haka aka yi ta yi a zamanin Obasanjo na farar hula lokacin da Oshiomhole ke shugabancin NLC. Haka aka yi a Janairun 2012, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141, aka sauko da ita 97 bayan mako guda na yaji da zanga-zangar da ta cika Legas da Kano da Kaduna. A duk wannan zamani babu yajin gama-gari ko ɗaya da aka kira musamman a kan darajar naira.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa, bayan makonni biyu kuma aka saki naira ga kasuwa. Ranar 3 ga Yunin 2024 NLC da takwararta TUC suka shiga yajin gama-gari kan mafi ƙarancin albashi. Ma'aikatan lantarki suka kashe babban layin wutar ƙasa, kamar yadda na NEPA suka yi a 1988, aka rufe filayen jiragen sama. Washegari aka dakatar da yajin domin a ci gaba da tattaunawa. Ƙungiyoyin sun shiga yajin suna neman naira 494,000, suka sauko zuwa 250,000. A ƙarshen Yuli shugaban ƙasa ya sa hannu kan dokar naira 70,000. A farashin canji na wannan makon, kuɗin ba su kai dala 50 ba.